Minti Goma Sha Huɗu Ba Tashi

Ni da kaina na koya wa ɗiyata gaisuwa, ni da kaina kuma na shafe kwana goma ina roƙonta ta bar ta. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na yi tsaki, ban ma san wa nake yi wa tsakin ba.

Mu mutanen Dogondutsi ne, aiki ya kawo mu Yamai. Ni malamar asibiti ce. Mijina malamin makaranta ne, an tura shi can gabas, sai hutu muke ganinsa. Saboda haka ni da yarinyar muke zaune a Kirkissoye, ƙetaren kogi, a gida mai ɗaki biyu da salon karɓar baƙi da dogon yaro guda a tsakar gida. Ita kaɗai Allah ya ba mu, na kuwa sa mata ido yadda aka sa mini. A gidan ubana yaro ba ya jin sallamar babba ya ci gaba da abin da yake yi. Ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye, ya miƙe, ya je ya durƙusa, ya kawo ruwa. Tun tana shekara huɗu nake bin ta da ranƙwashi a kan wannan. Kafin ta kai goma matan unguwa har misali suke yi da ita, ni kuwa ina ta hura hanci.

Kiɗan ba ni na kawo shi ba. A majami'armu akwai wani dattijo mai kaɗa mana piyanon lantarki ranar Lahadi. Mutumin bakin teku ne, ya yi karatun kiɗa a ƙasar Turawa tun yana saurayi. Kowa Mushe yake ce masa, wato Malam, don ya taɓa koyarwa, Hausarsa kuwa guntu-guntu ce. Tana da shekara tara ya lura cewa in an tashi sujada sai ta maƙale a jikin abin, tana latsa shi da yatsa ɗaya, tana fitar da waƙar da aka gama yi. Ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Madam, yarinya wannan, a ba ni ita." Na ce ya ɗauka, in dai za ta riƙa dawowa ta yi wanke-wanke. Da na san inda maganar za ta kai mu, da na tsaya na yi tambaya.

Ba waƙoƙin sujada ya tsaya koya mata ba. Wani irin kiɗa ne na Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana, ba waƙa a ciki, ba ganga, ba inda mutum zai taka rawa. Ana rubuta shi a takarda da ɗige-ɗige kamar ƙuda sun yi ɓarna. Tana shekara goma sha biyu wata tsohuwar Baturiya da za ta koma gida ta ji ta, ta ce ta bar mata piyanonta na katako, na gaske. Ƙarti shida suka tsallako gada da shi a bayan mota, sai da aka cire ƙyauren salona kafin ya shiga. Ya cinye rabin ɗakin. Kujeruna biyu suka koma tsakar gida, rana ta cinye su, ba wanda ya ce mini sannu.

Daga nan na rasa kunnuwana. In dawo daga asibiti kaina yana sarawa, in tarar tana maimaita layi ɗaya sau arba'in, kamar famfo mai ɗiga. In ce, "Ke, wannan ɗin ba ki gama shi jiya ba?" Ta ce, "Mama, hannun hagu ne bai zauna ba." Hannun hagun nan shekara huɗu yana neman wurin zama a gidana. Amma zan faɗi gaskiya. Ranar da ta ɗauko kiɗan daga farko ta kai shi ƙarshe, nakan tsinci kaina tsaye a madafa da wuƙa a hannu, albasa tana jirana.

Tana shekara goma sha huɗu ta yi wasa a wani babban zaure cikin gari. Kafin mu shiga Mushe ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada in yi guɗa, kada in tafa sai na ga kowa ya tafa. Na zauna kamar wadda aka kawo shari'a. Bayan nan aka fara kiranta nan da can, wurin liyafar manya, wurin bikin makarantu. Da ta kai goma sha shida Mushe ya zo da takarda. Wata makarantar kiɗa ce a ƙetaren teku, tana ɗaukar yara irinta, ta ba su burs, ci da sha da karatu duk a kanta. Ba sai an je can jarrabawa ba. A aika musu bidiyo tana kaɗa wani dogon kiɗa na minti goma sha huɗu, daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Ba yankewa, ba haɗi, ba tsayawa, ba tashi daga kujera. In aka ga an taɓa bidiyon ko an tsaya, dosiyen neman shiga ya faɗi. Ranar Juma'ar mako mai zuwa za a rufe karɓa, kuma shekarunta ba za su bar ta ta sake nema baɗi ba.

Na ce, "Minti goma sha huɗu kawai? Ai ko shinkafa ba ta dahuwa a haka."

Mushe ya dube ni. Shi ya fi ni sanin gidana.

Piyano na gaske a Yamai ba su da yawa, waɗanda ke akwai kuma suna wuraren da ba a shiga da kamara a zauna. Namu Mushe ya kwana biyu yana ɗaure masa wayoyi har ya ce ya yi. Kamara da abin ɗaukar sauti ya aro wurin wani mai ɗaukar hoton biki, da sharaɗin a mayar ranar Alhamis ta jajibirin rufewa da yamma, don daga nan bukukuwa ke farawa. Da safe yarinya tana lakwal wurin karatu. Da tsakar rana ba a iya zama a salon, saboda dole a kashe bantilater, wato fanka, don ƙararsa, in aka kashe kuwa zufa ta sa yatsunta su riƙa zamewa. In rana ta faɗi kamarar ba ta gani da kyau. Abin da ya rage mana shi ne daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Duk wanda ya zauna cikin Hausawa da Zabarmawa ya san abin da ake yi daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Lokacin zumunci ne.

Kuma a daidai wannan makon masu tele suka ga damar nuna hirar da suka yi da ita tun wata uku da suka wuce. Wata uku suna riƙe da ita, sai a makon nan. Aka gan ta da farar riga tana kaɗawa, aka gan ni a gefe ina murmushin da ban san na yi ba. Washegari aka fara zuwa barka.

Ranar farko tana cikin minti na shida, kiɗan yana tafiya sumul, sai maƙwabciyata Bazabarma ta ɗaga labule. "Fofo! Salamu alaikum, masu gida!" Kafin ta rufe baki yarinyar nan ta tashi, ta durƙusa, tana tambayarta gajiya. Mushe ya kama kansa da hannu biyu. Maƙwabciyar ta zauna, ta sha ruwa, ta yi mana barka, ta ba mu labarin ciwon ƙafarta, ta ce a kaɗa mata wanda aka kaɗa a tele. Da ta tafi rana ta yi ƙasa.

Mushe ya yi mana bayani da Faransanci, don Hausarsa ta ƙare a ranar. Ya ce mutanen can sun san ba a ɗakin ɗaukar sauti muke ba. In akuya ta yi kuka, ko moto ya wuce, ko aka ji murya daga nesa, ba komai. Abin da ba za su yafe ba shi ne ta ɗaga hannu daga kiɗan. Ya ce ko rufin ɗaki ne ya faɗo, ta ci gaba.

Rana ta biyu matan zumunta na majami'a suka zo su goma sha ɗaya da anko, da waƙa tun daga bakin titi. Rana ta uku na ce na gaji, na sa sakata a ƙofar gida. Ashe na jawo wa kaina. Tunda muka tare a unguwar ba a taɓa ganin ƙofata a rufe da rana ba, ga kuma motar asibiti ce ta ajiye ni da safe. Aka ce ba lafiya ba. Aka yi ta dukan ƙyaure kamar za a ɓalle shi, wata ta taka bokiti ta leƙo ta katanga tana kiran sunana. Na fito a fusace na tarar da mutum bakwai, har da mai shago, wata ma ta fara share hawaye. Rana ta huɗu na rubuta takarda na manna a ƙofa, cewa ana aiki, a yi haƙuri a dawo bayan shida. Waɗanda ba su iya karatu ba suka wuce ta suka shigo. Waɗanda suka iya suka ƙwanƙwasa don su tambayi wane irin aiki ne.

Sai maganganu suka fara dawo mini. Wai daga fitowa a tele sau ɗaya mun fara rufe ƙofa. Wai likita ta manta lokacin da take aron turmi. Wata a kasuwa ta ce mini, "Madam, ashe yanzu sai da takarda ake ganinku?" Na haɗiye, na sayi tumatirina, na wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba wanda ya zo da mugun nufi. Kowa da ɗan abinsa yake zuwa, wannan da dabino, wannan da sabulu, kowa murna yake taya mu. Da murnar suke neman su kashe mata hanya.

Amma da na zauna na yi tunani sai na ga baƙi ba su ne matsalar ba. Mushe ya riga ya ce murya ba ta ɓata komai. Yarinyar ce ke tashi. Na sa ta gaba bayan ya tafi.

"Ke wai mene ne haka? An ce ki zauna, ki zauna mana!"

"Mama, ba ni nake tashi ba. Kafin in tuna sai in ga na riga na miƙe."

"To ki tuna da wuri!"

"Ke kika ce in na ji sallamar babba…"

"Na san abin da na ce! Yanzu kuma na ce ki bari!"

Ta dube ni, idonta ya cika. Ni ma na ji abin da bakina ya faɗa, ban ji daɗinsa ba, amma ban janye ba.

Asabar da Lahadi ba kamara, mai ita yana wurin biki. Sai na mayar da su ranakun horo. Ta zauna tana kaɗawa, ni kuma in fita waje, in yafa mayafi, in shigo da sallama. In yi da muryar tsohuwa, in yi da muryar namiji, in yi da Zabarmanci. Da na ga kafaɗarta ta motsa sai in daka mata tsawa, "Zauna!" Mace mai shekara arba'in da biyar, mai ɗaurin ƙafar mutane a asibiti, tana shiga gidanta tana fita tana kwaikwayon tsofaffi. Maƙwabciyata ta gan ni ta katanga, ta tambaye ni ko dai aikin ya fara taɓa ni. Zuwa yammacin Lahadi yarinya ta daina motsi, na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Mama, ai don na san ke ce."

Da gaskiyarta. Litinin da Talata ni ina aiki har yamma, ban san ma su wa suka ɓata ba, na dai dawo na tarar da Mushe zaune a ƙarƙashin dogon yaro yana kallon ƙasa. Laraba na nemi wata ta riƙe mini aikina, na zauna a ƙofar gida. Matar fasto ta zo. Na tare ta, na yi mata bayani, ta ce ai ita ba baƙuwa ba ce, albarka kawai za ta sa mata ta fito. Wallahi sai da na riƙe bakin zanenta. Ta fizge tana dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Yarinya ba ta miƙe ba a ranar, an samu ci gaba. Sai dai ta juyo ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannu da zuwa, Mama," hannun dama ya tafi wani wuri, na hagu ya tafi wani. Minti na goma sha biyu ne. Saura biyu.

Alhamis ta zo, ranar mayar da kamara. Tun da safe na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, na gaishe su, na roƙe su don girman Allah su bar mu daga huɗu zuwa shida. Na shimfiɗa tabarma a waje, a inuwar katanga, na ajiye randar ruwan sanyi da kofuna, don duk wanda ya zo daga nesa in karɓe shi a nan. Na zauna a kan benci, na tokare ƙofa da ƙafa. Ɗaukar farko tsoro ya sa ta yi kuskure da kanta, ba wanda ya shigo. Mushe ya ba ta ruwa, ya bar ta ta huta. Biyar da kwata suka sake farawa. Ina jin kiɗan daga waje, kuma duk da ban san kansa ba, shekara huɗu sun koya mini in ya tafi daidai. Yana tafiya daidai. Ina duba agogon portabul ɗina, wayata ta hannu, kamar mai auna bugun zuciyar majiyyaci.

A minti na bakwai taksi ta tsaya a bakin layi. Sandar dogarawa ce ta fara fitowa, sannan ƙafa, sannan farar riga da na sani tun ina yarinya. Ubana ne.

Ya fi shekara shida bai taka Yamai ba. Ya tsani garin, ya ce mutanensa ba sa tsayawa a gaisa. Bai aiko ba, bai kira ba, shi ba ya sanar da zuwa gidan ɗiyarsa. Daga baya na ji cewa wani ne ya nuna masa jikarsa a portabul a bakin kasuwa, aka kuma ce masa Turawa za su tafi da ita. Ya tashi da asuba ya shiga mota. Ga shi nan yana tahowa a hankali, zabbi biyu ɗaure a hannunsa na hagu.

Na ruga na durƙusa a gabansa a tsakiyar layi. Na gaishe shi ƙasa-ƙasa, na manta kunnensa ya yi nauyi.

"Mi kike hwaɗi? Ɗaga murya!"

"Baba, sannu da hanya. Ga tabarma nan, ka ɗan huta a nan waje tukuna."

"Waje?" Ya dubi tabarmar, ya dubi ƙofar. "Mutuwa anka yi?"

"A'a, Baba."

"To haihuwa?"

"A'a. Aiki take yi, ana ɗaukar ta a hoto. Minti kaɗan ya rage."

"Ai ita na zo gani. In ta ga mijinta ta aje aikin."

Haka yake kiran kansa tun ranar sunanta, irin wasan kaka da jika. Ita ce amaryarsa, shi ne tsohon mijin da kullum take cewa ta saki don ba shi da haƙora. Ya sa sanda ya kawar da bencina, ya shiga. Jiya na riƙe zanen matar fasto, amma rigar ubana hannuna bai iya kai wa gare ta ba. Na bi shi a baya ina "Baba, Baba" kamar ƙaramar yarinya.

Ya tsaya a ƙofar salo. An ɗage labule don haske ya shiga. Ya cire takalmansa ya jera su. Yarinya tana zaune ta ba ƙofa rabin baya. Mushe yana bayan kamara, da ya gan shi sai ya shiga kaɗa hannu biyu yana roƙo, Baba ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ɗauka gaisuwa ce.

"Salamu alaikum."

Na ga bayanta ya sandare. Ta gane muryar. Hannuwan suka ci gaba.

Ya ɗan jira, ya gyara tsayuwa, ya ƙara murya don ya ɗauka ƙarar abin ce ta hana ta ji.

"Salamu alaikum!"

Ina tsaye a bayansa ina addu'a a zuci, ya Ubangiji kada ta tashi, kada ta tashi. Kuma a cikin zuciyar nan tawa guda wata murya tana cewa, tashi mana, marar kunya, kakanki ne. Duka biyun ni ce, kuma duka biyun da gaske nake. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan lokacin ba.

A karo na uku bai ɗaga murya ba. Ya yi sallamar, sannan ya ce, "Amarya, tsohon naki ne hwa."

Ta ɗago daga kujerar, bai fi kaurin yatsa ba. Na gani, shi ma ya gani. Sai ta koma ta zauna. Hawaye yana sauka ta gefen fuskarta yana ɗiga a rigarta, hannuwan nan kuwa ko gezau, suna ta gudu a kan farare da baƙaƙen katakon.

Baba ya tsaya kamar na ƙirga goma. Ya sunkuya ya sa takalmansa. Ya je ya ajiye zabbin a gindin dogon yaro, ya nufi ƙofa. Na sha gabansa.

"Baba, minti biyar. Don Allah, biyar kawai."

"Na yi ukku," ya ce. Bai dube ni ba.

Na bi shi har bakin kwalta ina magana, ina bayanin makaranta, da burs, da kamara, rabin abin ma bai ji ba. Ya tsayar da taksi ya ce a kai shi unguwar Lazaret. A can ɗan ƙanensa yake, wani tela. Na kama ƙofar motar zan shiga, ya ce, "Koma wurin aikinku." Na koma. Ina shiga gida ta buga na ƙarshe, ta bar hannuwanta a kai har sautin ya mutu, yadda aka koya mata. Mushe ya kashe kamara yana share ido da bayan hannu, yana cewa ba ta taɓa kaɗa shi haka ba. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fita da gudu ba takalmi, ta kai har bakin kwalta, ta tarar ba kowa.

Washegari da sassafe Mushe ya aika bidiyon, ya sa mini shi a portabul, mu kuma muka tsallaka gada muka tafi Lazaret. Mun same shi zaune a kan tabarma a bayan shagon telan. Ta durƙusa tun daga nesa, ta ƙarasa da gwiwa. Ta gaishe shi, ya amsa. Kwana, gajiya, hanya, mutanen gida, duk ya amsa, lafiya lau, lafiya lau, yadda ake amsa wa ɗiyar maƙwabta. Ba amarya, ba zancen haƙora. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ce, "Kaka, ka yafe mini," ta fashe da kuka. Ya ɗora mata hannu a ka ya sa mata albarka, ya ce ta je ta gaida matar telan.

Da ta shiga ciki ya juyo gare ni.

"Ita ba ta da laihi. Na ga ta taso. Wani ya zamnar da ita."

Na ce ni ce. Na sake ɗauko bayanin daga farko, wannan karon da ƙarfi yadda zai ji, har masu ɗinki suka tsayar da kekunansu. Telan ya karɓi portabul ɗina ya nuna masa bidiyon. Baba ya kalla har ƙarshe, ya ji muryar kansa a ciki. Ya miƙo mini ya ce, "Ta iya." Na roƙe shi ya zo ya kwana a gidana ko dare ɗaya. Ya ce gonarsa tana jira. Asabar ya koma Dogondutsi daga Lazaret.

Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba. Tsoho ya yi tafiyar yini, ya kasa jiran minti biyar. Na yi fushi da masu tele, da matar fasto, da Mushe da ya ce a ba shi ita, da Baturiyar da ta rasa inda za ta jibge katakonta sai salona. Da na gama zagaye kowa sai in dawo kan wadda ta tsaya tana daka wa yarinya tsawa ta zauna. Kuma da za a mayar da ni ranar, na san abin da zan roƙa a bayan ubana bai canja ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Sun ɗauke ta, da burs cikakke. Mushe ya kawo takardar da gudu, dattijo da shi, har yana tuntuɓe a ƙofa. Muka yi murna, na yi guɗar da aka hana ni shekara biyu, maƙwabta suka cika gidan, wannan karon ba wanda na tare. Da aka watse na zauna na karanta takardar da kaina. A ƙasa masu jarrabawar sun ƙara 'yan layuka na yabo. Sun yaba hannunta na hagu. Sun kuma ce abin da ya fi burge su shi ne, wajen minti na tara an ji hayaniyar titi har sau uku, amma yarinyar ko juyawa ba ta yi ba, wannan kuwa alama ce ta wadda ta isa a kira ta makaɗiya.

Na karanta layin sau biyu, na ninke takardar. Yarinya ta ce in ba ta ta gani, na ce ta bari sai gobe. Hayaniyar titi, wai. Ubana ne fa.